Man clotrimazole a kan makeron fuskar yara: yana aiki, amma ba ya sauri

Man clotrimazole ba magani ne mai ɗaukar ido ba. Fari ne fat, ba shi da ƙamshi, babu hoton mace mai sheƙin fuska a jikin kwalinsa, kuma idan kika shafa wa yaro yau, gobe ba za ki ga wani abin a-zo-a-gani ba. Duk da haka shi nake ajiyewa a ɗakina, shi kuma nake faɗa wa iyaye idan na ga da'irar makero a kumatun yarinya ko a goshinta. Kitso ce sana'ata, a Tudun Wadan Zariya nake zaune, kuma duk wadda ke yini da kan 'yar mutane a kan cinyarta tana ganin abin da ita kanta uwar ba ta lura da shi ba: bayan kunne, gefen goshi, ƙeya, ƙarƙashin haɓa inda hijabi ke gogawa. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ce madogarata idan takardar cikin kwali ta fi ƙarfina.

A fuskar 'yata ta tsakiya na gwada shi sosai. Kyanwarmu ta haihu a ɗakin ajiya, yarinyar nan kuwa ba ta da aiki sai ɗaukar 'ya'yan tana manna su a kumatu. Ɗaya daga cikinsu gashin gefen kunnensa ya zube, wurin ya yi furu-furu. Bayan kamar sati biyu sai ga ɗan ƙurji a kumatunta na hagu, ƙasan ido kaɗan, wanda kowa zai ɗauka cizon sauro ne. Bai baje ba, sai faɗi da ya riƙa yi, har ya kai faɗin murfin kwalbar lemo. A nan ne kamanninsa suka fito. Bakin da'irar ya ɗan tashi, da 'yan ƙananan ƙuraje jere a kansa, ga wani farin ɓawo mai laushi da ke tashi idan an kankara da farce. Tsakiyar kuma ta lafa, har ta fi gefen kama da lafiyayyar fata. A littattafai za a ce miki ja yake yi, amma wannan a fatar Bature ne. A fatar 'ya'yanmu ko dai ya fi sauran fuskar duhu, ko ya yi toka-toka. Ƙaiƙayinsa ya fi tashi idan ta dawo daga makaranta cikin rana da gumi.

Kantin maganin da na je yana Sabon Gari, irin wanda ke da mai ilimin harhaɗa magunguna a zaune, ba kemis ɗin lungu ba. Matar da na tarar ta fito daga bayan kanta, ta jawo yarinyar bakin ƙofa inda haske yake, ta ɗaga mata haɓa. Ba ta tsaya a fuska ba.

"Hajiya, a cire mata ɗankwali in ga kan."

Ta bi tsagar kitson ɗaya bayan ɗaya da ido, ta duba gira, ta shafa bayan wuya ko akwai kaluluwa. Sannan ta tambaya ko muna da kyanwa ko akuya a gida, ko wani yaron na da irinsa, kuma me aka riga aka shafa. Da na ce ba a shafa komai ba sai man kaɗe, sai ta ce, "Alhamdu lillahi, kin rage mana aiki." Ta miƙo mini tub ɗaya mai giram 20, an rubuta clotrimazole kashi 1 cikin 100, ba a haɗa shi da komai ba. Ta ce safe da dare, wata guda cur, ko da ya ɓace a sati na biyu kada in daina. Ta ƙara da cewa idan sati biyu suka wuce ban ga ya fara ja da baya ba, asibiti zan nufa, kada in dawo neman wani man.

Wannan duba kan da ta yi shi ne ya sa na yarda da kantin, kuma zan dawo kansa, don a nan ne maganin nan yake da iyaka.

Abin da ke kawo makero ba tsutsa ba ce, ba kuma ƙazanta ce kaɗai ba, balle maita ko shan madara da kifi. Fangas ne, dangin funfunar da ke fitowa a kan burodi idan ya kwana biyu a leda, sai dai wannan nau'in abincinsa shi ne mataccen saman fata da gashi da farce. Manyan gidajensu uku ne, Trichophyton da Microsporum da Epidermophyton. Wanda kyanwa da kare ke ɗauke da shi sunansa Microsporum canis, na shanu kuma Trichophyton verrucosum, shi ya sa yaran da ke kiwo ko masu wasa da maruƙa suke yawan samunsa, kuma na dabba ya fi yin fushi da kumburi. Wasu kuma daga mutum zuwa mutum suke yawo, ta tawul, matashin kai, hula, hijabi, mataji da injin aski. Daga ranar da ya hau fata zuwa ranar da zai bayyana yakan ɗauki kwana 4 zuwa 14. Yana ci ne irin cin wutar daji, gaba yake yi ta ko'ina ya bar inda ya cinye a baya, don haka rayayyen fangas ɗin a bakin da'irar yake, har ma ya ɗan wuce inda ido ke gani. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci yadda ake shafa maganin. Mata da yawa tsakiyar suke cikawa da mai su bar gefen, alhali gefen ne wurin aikin.

Ga yadda na riƙa yi. In wanke fuskar da ruwa da sabulu mara ƙarfi, in tsane da ƙyalle nata ita kaɗai, in bari ta bushe sarai. Sai in matso ɗan kaɗan a kan yatsa. Kaɗan ɗin nan da gaske nake, don tsawon rabin santimita ya isa ya rufe wuri mai faɗin tafin hannu. In fara daga waje, kamar faɗin yatsa ɗaya bayan bakin da'irar, in shafo zuwa ciki har ya nutse. Sannan in wanke hannuna da sabulu kafin in taɓa kowa. Da yake wurin na kusa da ido, na dare sai ta kwanta nake shafawa, don kada ta murtsuke ta kai cikin ido. Man yana da ɗan kauri, bai kai basilin maiƙo ba, yana shiga fata cikin minti biyu ko uku. Idan aka cika shi yana barin farin shafi a baƙar fata, yarinya kuwa ba za ta yarda ta shiga aji da farin tabo a kumatu ba, don haka na safe tun bayan sallar asuba nake sa mata, kafin lokacin fita ya nutse.

Abin da ya fara tafiya shi ne ƙaiƙayi, cikin satin farko. Da'irar kuwa tana nan daram, har mahaifinta ya fara cewa anya maganin nan ba jabu ba ne. A sati na biyu bakin ya kwanta, ɓawon ya daina tashi, kuma na lura faɗin bai ƙaru ba. Na san haka ne don tun ranar farko na ɗauki hoton wurin da waya, na riƙa ɗauka duk Juma'a a bakin taga ɗaya. Ina ba kowace uwa shawarar ta yi haka, saboda idon da ke kallon fuska kullum ba ya gane sauyi. Zuwa sati na uku idan ka shafa da yatsa ba ka jin tudu. Na ci gaba har wata ya cika kamar yadda aka ce. Abin da ya rage shi ne wani ɗan haske a wurin, inuwar da'irar, wanda ya ɗauki watanni kafin ya saje da sauran fuskar. Wannan tabon ba ciwo ba ne, fata ce ke mayar da launinta, kuma ba ya buƙatar a shafa masa komai sai man shafawa na yau da kullum.

Dalilin jinkirin yana cikin yadda maganin ke aiki. Fangas na gina bangon ƙwayarsa da wani sinadari mai suna ergosterol, clotrimazole kuma hana shi ƙera wannan sinadarin yake yi. Bangon sai ya yi rauni, fangas ya kasa yaɗuwa, fata kuma ta riƙa zubar da tsohon samanta tana fitar da shi a hankali. Sabuntar saman fata kuwa kusan wata take ɗauka. Shi ya sa wadda ta daina a kwana goma don ta ga fuska ta yi kyau, bayan ɗan lokaci za ta ga da'irar ta dawo a gurbinta, ta ce maganin banza ne. Tsohon magani ne, kamfanin Bayer na Jamus ne ya samar da shi a ƙarshen shekarun 1960, ya fito kasuwa da sunan Canesten a 1973, yanzu kuma kamfanoni da dama na Indiya da na nan gida suna yin sa.

Yana da nasa aibin. Na farko shi ne wannan jan lokacin, sau biyu kullum har wata guda a fuskar yaron da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ga hidimar gida. Na biyu, yana ɗan yi wa wasu yaran zafi ko raɗaɗi na 'yan mintuna, musamman idan sun sosa wurin ya fashe. 'Yata ta yi ƙorafin haka a farko, daga baya ta daina. Idan kuwa wurin ya kumbura ya yi ruwa bayan shafawa, to jikin yaron bai karɓe shi ba, a dakata a nemi likita. Na uku, takardar da ke cikin kwalin da Turanci take, da rubutu ƙanana kamar ba a so a karanta, alhali yawancin masu sayensa a nan Hausa suke karantawa, ko boko ko ajami. Duk bayanin da ya fi muhimmanci, wato kada a daina da wuri, yana binne a tsakiyar takardar. Tub ɗin da na samu kuma na ƙarfe ne mai laushi, idan aka nannaɗe shi yana tsagewa ta gefe. A zafin watan Maris da Afrilu man yana saki ya yi ruwa-ruwa, don haka a ajiye shi a inuwa, nesa da taga da kicin.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Idan kika shiga kemis goma a garin nan kika ce yaro na da makero a fuska, da wuya a fara miƙo miki clotrimazole zalla. Abin da za a ɗauko shi ne man nan mai haɗi uku, wanda ake cewa yana maganin komai, daga ƙurajen zafi zuwa kyasbi zuwa zafin kunzugu. Ki juya kwalin ki karanta. Za ki ga maganin fangas, ko clotrimazole ko ketoconazole ko miconazole. Za ki ga maganin bakteriya, neomycin ko gentamicin, wanda makero ba ruwansa da shi. Sai na ukun, betamethasone ko clobetasol ko dexamethasone, wato sitiroid, maganin danne kumburi da ƙaiƙayi. Clobetasol yana cikin ajin sitiroid mafi ƙarfi da ake shafawa a fata, irin wanda likitocin fata ba sa yarda a kai shi fuskar babba ma sai da dalili, balle ta yaro.

Kuma gaskiya ne, yana burgewa. Cikin kwana biyu ƙaiƙayi ya tsaya, bakin da'irar ya kwanta, fuska ta yi sumul har da ɗan haske. Uwa ta yi ta sa wa mai kemis albarka. Abin da ya faru shi ne sitiroid ya kashe faɗan da jiki ke yi da fangas. Wannan kumburin da ƙaiƙayin da muke gani alamar jiki na kare kansa ne, idan aka danne su fangas ya samu fili. Sai ya bazu ba tare da da'ira ba, ya bi ramin gashi ya nutsa ciki. Ranar da aka daina shafawa ya taso da ƙarfinsa, a koma a sayo wani tub ɗin, haka za a yi ta yi. Likitoci na kiran wannan yanayin tinea incognito, makeron da ya ɓad da kama, kuma tun 1968 wasu likitocin fata biyu a Ingila suka bayyana shi.

Na gan shi da idona a fuskar 'yar maƙwabciyata, yarinya 'yar shekara biyar da nake yi wa kitso tun gashinta bai kai kamu ba. Da aka fara, tabo ɗaya ne a gefen hanci. Wani mai kemis ya ba su mai haɗi uku, suka yi ta shafawa watanni, a daina ya dawo, a koma. Ranar da aka kawo ta kitson Sallah na kwantar da kanta a cinyata, sai na ga abin ya mamaye kumatu ɗaya gaba ɗaya ya haura kan karan hanci ya taɓa fatar ido. Babu da'ira ko ɗaya. Fatar ta yi fari-fari ta yi sheƙi kamar an ja ta, siraran jijiyoyi sun fito a kanta, ga ƙananan ƙuraje masu ruwa a warwatse, gashin gira na gefen ya yi sako-sako.

Na ce, "Maman Ummi, me kuke shafa wa yarinyar nan?"

Ta ce, "Wallahi Anti, shi kaɗai ne ke kwantar da shi. Da na daina kwana uku sai fuskar ta yi kamar an watsa mata barkono."

Ƙanwata ce ta lallashe ta suka tafi Shika, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A can aka kankari ɓawon gefen da ɗan gilashi, aka ɗiga masa wani ruwa aka duba a madubin likita, aka ga zaren fangas. Man shafawa ya riga ya yi kaɗan a lokacin, sai da aka haɗa mata da na sha na makonni, aka kuma gargaɗi uwar cewa fuskar za ta ƙara yin muni na ɗan lokaci bayan an janye sitiroid ɗin, ta daure. Ta warke, amma launin kumatun ya daɗe bai daidaita ba, kuma kuɗin da aka kashe ya ninka na tub ɗin clotrimazole sau da yawa.

Illar sitiroid mai ƙarfi a fuskar yaro ba ta tsaya a nan ba. Fatar fuska siririya ce, ta yaro ta fi siranta, tana tsotse maganin ya shiga jini. Yana sa fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa, yana kawo ƙuraje a kewayen baki, idan kuma ana kai shi kusa da ido yana iya ɗaga matsin cikin ido. A jarirai da ake shafe wa jiki da shi kullum, har kumburin fuska da tsayar da girma yana kawowa. Abin takaici, wasu matan sun san yana sa haske, don haka da gangan suke zuba shi a cikin man shafawar jariri. A Indiya, inda aka daɗe ana sayar da irin waɗannan haɗe-haɗen ba tare da takardar likita ba, wani nau'in fangas ya ɓullo wanda sau da yawa ba ya jin terbinafine, wani maganin makero, aka sa masa suna Trichophyton indotineae a 2020, kuma likitocin can suna danganta yaɗuwarsa da wannan shafe-shafen. A 2023 an ba da rahoton samunsa a birnin New York na Amurka. Mu da magungunanmu da yawa daga Indiya suke zuwa, kuma ɗabi'ar sayen magani tamu iri ɗaya ce da tasu, ya kamata mu yi hattara.

Sai maganar kai. Idan fangas ɗin ya shiga gashi, abin da muke kira kora, clotrimazole ba zai yi komai ba, ko da an shafa tub goma. Fangas ɗin yana cikin silin gashin ne har zuwa saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa. Kuma sau da yawa makeron da ke goshi ko gefen kunnen yaro daga kai ya gangaro. A yi ta maganin fuska tana warkewa tana dawowa, ashe rumbun yana sama. A wurin kitso alamarsa ba ta ɓuya: wani fili a tsakiyar kai da gashin ya kakkarye ya bar ɗigo-ɗigon baƙi, ko farin ɓawo mai kama da amosani amma a wuri ɗaya, ko kaluluwa a ƙeya. Wani lokaci wurin ya kumbura ya yi taushi yana fitar da ruwa, mutane su ɗauka maruru ne su kai wa wanzami ya tsaga, alhali ba a tsaga shi. Maganin kora na sha ne, griseofulvin na sati 6 zuwa 8 ko terbinafine na kamar sati 4, gwargwadon nauyin yaro, kuma likita ne ke rubutawa. Griseofulvin da abinci mai maiƙo ake shan sa, ko madara ko ƙosai ko tuwo da miyar da ta ji mai, in ba haka ba jiki ba ya tsotse shi yadda ya kamata. Sabulun wanke kai mai ketoconazole yana rage yaɗa shi ga sauran yara, amma shi kaɗai ba ya warkarwa. Duk wanda ya leƙa makarantar allo ya ga kawunan almajirai ya san yadda kora ke bin yaran da ke kwana wuri ɗaya ana yi musu aski da reza ɗaya.

Ba kuma kowane farin tabo a fuskar yaro ne makero ba, kada a ɗora wa maganin laifin abin da ba aikinsa ba. Lokacin hunturu yara da yawa kumatunsu na yin fari-fari, ba da'ira, ba tudu, ba ƙaiƙayi sosai. Wannan bushewar fata ce, basilin ko man kaɗe da rage sabulu mai ƙarfi sun ishe ta. Kyasbi shi ma fangas ne amma wani iri daban, ɗigo-ɗigo yake yi a goshi da wuya da ƙirji, kuma clotrimazole yana yi masa aiki. Ƙurajen da ke yin ɓawo ruwan zuma a kewayen hanci da baki na bakteriya ne, maganinsu daban. Wanda nake so kowace uwa ta riƙe shi ne wannan: tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya ɓawo, ba ya gumi, kuma idan an taɓa shi da auduga yaron bai ji ba, a kai shi a duba ko kuturta ce. Mu a Zariya ga cibiyar tarin fuka da kuturta nan a Saye, maganin kyauta ne, kuma idan an kama ta da wuri tana warkewa ba tare da ta taɓa yatsa ko ɗaya ba.

Na gida kuwa, na ga iri-iri a fuskokin da ake kawo mini. Tafarnuwa da aka daka aka ɗaure a kumatu tana ƙona fata ta bar tabon da ya fi makeron muni. Ruwan tumfafiya idan ya shiga ido yana iya lalata gani, kuma fuskar yaro duk kusa da ido ce. Man birki da ruwan batir ba na ma son in tuna. Kakar yarana ta so a goga lemon tsami da kanwa, na ce, "Inna, a bar ni in gwada na kantin wata ɗaya, in bai yi ba sai a yi naki." Ba mu kai ga nata ba.

Maganin ba zai hana sabon kamu ba idan tushen yana gida. Ɗan kyanwar nan sai da aka kai shi asibitin dabbobi, aka raba yara da shi har gashinsa ya fito. Ƙwayoyin fangas ɗin suna iya yin watanni a raye a jikin mataji da bargo da tabarma. Rigar matashin 'yata da tawul da hijabanta na riƙa wankewa da ruwan zafi, in shanya a rana, in bi da guga. Ban hana ta makaranta ba, don da zarar an fara shafa magani ba a buƙatar a killace yaro, sai dai a ja masa kunne kan musayar hula da hijabi. A wurin sana'ata kuma, matajai da kibiya ina cire musu gashi, in wanke da sabulu, in jiƙa su minti goma a ruwan bilic da aka sirka, kashi ɗaya cikin goma. Yarinyar da na ga alamar kora a kanta ba na yi mata kitso sai ta fara shan magani, kuma da matajinta za ta zo. Wasu iyayen sun ji haushi sun koma wani wurin, wasu kuma sun dawo da godiya.

Akwai man terbinafine kashi 1 cikin 100, wanda ya fi clotrimazole sauri don shi kashe fangas ɗin yake yi kai tsaye, sati ɗaya zuwa biyu yakan wadatar. Na yi amfani da shi a hannuna lokacin da na ɗauko makero a wurin aiki, kuma ya yi. Sai dai ya fi tsada, ba kowane kanti ke da shi ba, kuma takardarsa takan ce kada a sa wa ƙananan yara sai da izinin likita. Nystatin kuma, wanda ake ba jarirai don farin baki da zafin kunzugu, ba ya taɓa makero ko kaɗan, kada a ɓata kuɗi.

Wajen saye, ban ga bambancin aiki tsakanin mai tsadar da mai arahar ba, muddin na gaske ne. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali da kuma gindin tub ɗin, su zo ɗaya. Idan akwai wurin kankarewa, ki kankare ki tura lambar ta waya kafin ki bar kantin. Sannan ki karanta jerin abin da ke ciki da kanki, ko ki ba wani ya karanta miki: suna ɗaya ake so a gani, clotrimazole. Idan kin ga wani suna a ƙarƙashinsa mai ƙarewa da "sone" ko "sol", ki mayar, ko da mai kantin ya rantse miki ya fi ƙarfi. Tub ɗaya mai giram 20 ya ishi tabo ɗaya ko biyu har wata ya cika. In an ce babu, ki tambayi miconazole kashi 2 cikin 100, shi ma zalla, aikinsu ɗaya kuma yadda ake shafa su ɗaya.